Me Ya Sa Babban Ya Ɗauka, Ƙanwarsa Ta Tsira?

Tambaya: Likita, sai da na haifi yara biyu kafin na san ina ɗauke da ƙwayar cutar HIV. Da aka gwada su, babban yana da ita, ƙanwarsa kuwa lafiya lau, alhali ciki ɗaya suka fito, nono ɗaya suka sha. Surukata ta ce yarinyar jinin gidansu ta ɗebo, shi ya kare ta. Yanzu ina da cikin wata uku. Da gaske jini na kare yaro?
Wata uwa daga Tudun Wada, Zariya

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Allah ya raba lafiya. Abin da ya faru a gidanki na sha ganin irinsa a ɗakin awo. Ko da uwa ba ta shan magani, cikin jarirai 100 tsakanin 15 zuwa 45 ne ke ɗauka, saura su tsira.

Maganar surukarki da ɗan ƙamshin gaskiya, ko da yake ba yadda take nufi ba. Kowane mutum yana da wani tambari a kan ƙwayoyin jikinsa, masana na kiransa HLA, da shi garkuwar jiki ke bambance ɗan gida da baƙo. Rabinsa yaro ke gada daga uwa, rabi daga uba. Wani bincike da aka yi a Nairobi, aka buga a 1998, ya gano cewa yaron da tambarinsa ya yi kama da na uwarsa sosai ya fi saurin ɗauka. Ana ganin dalili shi ne garkuwarsa ba ta yi wa abin da ya shigo daga jikin uwar kallon baƙo, sai ta bar shi ya wuce. Akwai kuma wata ƙofa mai suna CCR5 da ƙwayar cutar ke bi ta shiga ƙwayoyin jini. A arewacin Turai kusan mutum 1 cikin 100 ana haifarsa da ita a toshe, amma a nan Afirka da wuya a samu irin wannan. Don haka kada Hajiya surukarki ta sa ran a zuri'arta yake.

Ni abin da na fi zargi a lamarinki shi ne yawan ƙwayar a jininki a lokacin. Idan mace ta kamu tana da ciki ko tana goyo, makonnin farko ƙwayar kan cika jini da nono fal. Mai yiwuwa a nan babban ya samu. Doguwar naƙuda bayan faya ta fashe, da tsagewar kan nono, su ma suna buɗe hanya.

Gadon da wannan cikin ya ɗebo, ba ke kika zaɓa ba, ni ma ba zan iya canza shi ba. Magani kuwa yana hannunki. Macen da ke sha kullum har ƙwayar ta kwanta a jininta, haɗarin kan sauko ƙasa da 1 cikin 100 a ciki da haihuwa. Kyauta ake bayarwa a asibitocin gwamnati. Ki fara awo yanzu, ko a asibitin koyarwa na Shika, ko asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ko inda ya fi miki kusa, ki ce a auna miki yawan ƙwayar kafin watan haihuwa.

A asibiti za ki haihu, don a fara ba jariri maganin kariya na ruwa tun ranar farko, a kuma yi masa gwaji a mako 6. Wata 6 na farko nono zalla, ba ruwa, ba jiƙo, ba koko, don haɗa su da nono kan raunana hanjin jariri. Na san nan ne za ki sha fama da manya a gida, musamman lokacin zafi. Ki taho da Hajiya awo wata rana ta ji daga bakinmu. Maigida ma, in ba a gwada shi ba, ku zo tare.