Kawu, baffa da taubashi: amsar tambayoyinku kan kalmomin dangi

Da zarar Sallah ta matso, ko an shiga lokacin bukukuwa, tambayoyin masu karatu sukan karkata ga dangi: wa ake kira me, kuma don me. Ga amsar wasu daga cikinsu.

Tambaya: Wata uwa ta ce 'ya'yanta duk namiji babba a dangi "ankul" suke ce masa, mace kuwa "anti". Tana son ta koya musu na Hausa, amma ita kanta kawu da baffa suna rikice mata.

Malama, kin yi tambaya mai kyau, kuma gara ki gyara musu tun bakinsu bai saba ba. Abin da za ki riƙe shi ne, Hausa tana duba ta wace kafa mutum ya zo: ta uwa ko ta uba. Ɗan'uwan mahaifi, wansa ko ƙanensa, shi ne baffa, wasu su ce bappa. 'Yar'uwar mahaifi ita ce goggo ko gwaggo. Ɗan'uwan mahaifiya shi ne kawu. 'Yar'uwar mahaifiya ita ce inna, wasu gidajen su ce iya. Kawu, baffa da goggo duk akwai su a Fulatanci da wannan ma'ana, kuma daga can Hausa ta aro su saboda daɗewar cuɗanya da auratayya, wadda ta ƙara ƙarfi bayan jihadin 1804. Akwai tsohuwar kalma, rafani, wadda ke nufin kawu, amma yau da wuya ki ji ta a bakin matasa.

A gidaje da yawa ba a ma cewa baffa, sai dai baba kawai, ko baba babba da baba ƙarami, domin a ganin Bahaushe ɗan'uwan ubanka ubanka ne. Amma a kula da furucin, don a rubuce "baba" ɗaya ce, a baki kuwa ta rabu. Idan aka fara da sautin ƙasa aka ƙare da na sama, uba ake nufi. Idan aka fara da na sama aka sauko, mace ake nufi, uwa ko goggo. Idan aka ja gaɓoɓin biyu duk a sama, an bar dangi an koma marina, wato baban rini.

Dalilin da ya sa nake ganin asara ce a haɗe su duka a "ankul" shi ne kowane suna yana ɗauke da aikinsa. Ranar ɗaurin aure, uba yakan ja baya ya ce ɗan'uwansa ya ba da 'yarsa, saboda haka baffa ne ake gani a matsayin waliyyi. Wannan ya dace da fiƙihun Malikiyya, inda walicci ke bin dangin uba. Kawu ba ya samun walicci ta hanyar nasaba, sai in an wakilta shi. Nasa matsayin daban ne: wurinsa ake kai ƙara idan yaro ya ɓata da ubansa, don ana sa ran ya fi sassauci. Goggo kuwa ita ce kan gaba a sha'anin amarya, daga karɓar lefe har rakiya ɗakin miji. Yaron da ya san sunayen nan ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa in bukata ta taso. Gaskiya ne a wasu garuruwa ana ce wa baffa ma kawu, amma idan ana maganar aure ko gado sai a fayyace.

Tambaya: Wani ɗalibi ya ce an gaya masa taubashi shi ne "kazin" na Turanci. Haka ne?

Rabin gaskiya ne, ɗana. Ba kowane ɗan ɗan'uwan iyaye ne taubashi ba. Idan maza biyu wa da ƙane suka haihu, 'ya'yansu 'yan'uwa ne kai tsaye, ana ce musu 'yan maza zar, kuma tsakaninsu sai yaya da ƙane, da girmamawar da ke biye da hakan. Haka 'ya'yan mata biyu ya da ƙanwa, su ne 'yan mata zar. Taubasantaka tana faruwa ne idan aka gicciya: ɗan namiji da ɗan mace, wato kai da ɗan kawunka, ko kai da ɗan goggonka. Jam'in shi ne taubasai, mace kuma taubashiya.

Abin da ya bambanta taubashi shi ne wasa. Yana iya tsokanarka a gaban jama'a, ya kushe rigarka ranar Sallah, ya ce abincin gidanku ba gishiri, kuma ba ka da ikon fushi. Shi ya sa ake kiransa abokin wasa. A watan Cika-ciki, wato Muharram, taubasai kan bi juna kuɗin shara, 'yar kyautar al'ada da ɗaya ke karɓa wurin ɗaya. Kalmar ta faɗaɗa har ta kai ga wasan da ke tsakanin garuruwa, ƙabilu da masu sana'a, kamar Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zazzagawa. Kuskuren da ake yawan yi shi ne mutum ya kai wasan taubashi wurin ɗan baffansa da ya girme shi. Can ba wasa ba ne, raini ne, kuma dattawan gida za su tsawata.

Tambaya: "Zumunci a ƙafa take" ko "yake"?

Akwai kalmomi biyu daga tushe ɗaya, zumu, wato ɗan'uwa ko makusanci. Zumunta mace ce, zumunci namiji. Don haka ko dai a ce "zumunta a ƙafa take", wadda ita ce aka fi sani, ko "zumunci a ƙafa yake". Haɗa zumunci da "take" kuskure ne, ko da yake ya yawaita a rubuce-rubucen gaisuwar Sallah. Ma'anar kuwa a fili take: dangantaka ba ta rayuwa da suna kawai, sai an taka an je. Da wannan karin maganar ake yi wa wanda ya ɗauke ƙafa hannunka-mai-sanda, musamman in ya tsallake barka, suna ko gaisuwar mutuwa. 'Yar'uwarta ita ce "kowa ya bar gida, gida ya bar shi". Tun da ana maganar rubutu, a lura ɗan'uwa, 'yar'uwa da 'yan'uwa a haɗe ake rubuta su da ɗan waƙafi a sama, domin sun zama kalma guda.

Tambaya: Wani magidanci ya ce ya ga saɓani. Hausawa sun ce "ɗan'uwa rabin jiki", sannan suka ce "naka sai naka, daɗin zama sai bare". Wanne za a ɗauka?

Malam, duka biyun za a ɗauka, domin ba lokaci ɗaya suke magana a kai ba. Dubi ginin ta biyun. Gaɓa biyu ce, kuma kowace da "sai" ɗinta. "Naka sai naka" tana nufin akwai abin da ba mai yi maka shi sai jininka: jinya mai tsawo, riƙon marayu, biyan bashin mamaci, tsayawa a kan gawa. "Daɗin zama sai bare" kuwa tana faɗin abin da kowa ya sani a babban gida, cewa hira da raha sun fi sauƙi da wanda ba ku haɗa gado ba, ba ku haɗa tsohuwar rigima ba. Bare ba ya tuna maka abin da uwarka ta yi wa uwarsa shekara talatin da suka wuce. Masu yanke karin maganar su faɗi rabin ƙarshe kaɗai don su kare guje wa dangi sun juya ta, saboda an fara da naka ne kafin a zo kan bare.

Hausa ba ta ɓoye cewa zaman dangi akwai ƙaya a ciki ba. Duba kalmar 'yan'ubanci. Ɗan'uba a asali wanda kuka haɗa uba ne, uwa kowa da tasa, amma kalmar da aka ƙera daga gare ta ta koma nufin gasa da ƙyashi. Ɗan'uwa kuwa, wanda asalinsa ɗan uwa ne, ya faɗaɗa har ya rufe duk wanda ake ƙauna. Harshen ya adana abin da gidan mata da yawa ya koya masa. Malamai in suna rabon gado sukan koma kalmomin Larabci don kada a samu ruɗani: shaƙiƙi ga wanda aka haɗa uwa da uba, li'abi ga na uba, li'ummi ga na uwa. A baki kuma akan ce "ɗakinmu ɗaya" ko "cikinmu ɗaya". Duk da haka, idan ɗan'uwa ya ɓata, abin da dattawa ke faɗa a zaman sulhu shi ne "hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar". Ba cewa ake bai yi laifi ba, an ma yarda hannun ya ruɓe. Ana cewa ne magani ake nema masa.

Tambaya: Wata jika ta ce kakarta tana kiranta "kishiyata", tana kiran ƙanenta "mijina", mahaifiyarsu kuma ba ta taɓa faɗin sunan yayansu ba. Mene ne asalin wannan?

Abu biyu ne, 'yata, wasa da kunya, kuma Hausa ta raba su bisa tsara. Tsakanin iyaye da 'ya'ya akwai nauyi, tsakanin kakanni da jikoki akwai wasa. Kaka mace tana ɗaukar jikanta namiji miji, jikanyarta kishiya. Kaka namiji yana ce wa jikanyarsa matarsa, jikansa kuma abokin takara. Amfanin wasan a bayyane yake: abin da yarinya ba za ta iya gaya wa uwarta ba, kamar wanda take so, a ɗakin kaka yake fitowa. Shi ya sa a al'ada wurin kaka ake kai yaro yaye. Jerin kuwa shi ne ɗa, jika, tattaɓa-kunne. Jam'in jika jikoki ne, kuma da k marar lanƙwasa ake rubuta shi, don jiƙa da ƙ aikin ruwa ne. Haka ƙanwa da kanwa: ɗaya 'yar'uwa ce, ɗaya ta kunun mai jego ce.

Rashin faɗin sunan ɗan fari kuwa alkunya ce. Uwa takan kauce wa sunan, ta ce "yaron nan" ko "wannan", wasu ma ba sa nuna kulawa da shi a gaban mutane. Akwai kuma wani dalili na biyu da ke sa a ɓoye suna. Idan aka mayar wa jariri sunan kakansa, surukar gidan ba za ta iya kiran sunan surukinta gatsau ba, sai a sa wa yaron lakabi irin Abba ko Baba, yarinya kuma Ummi ko Mama. Da yawa masu amsa waɗannan sunaye suna da sunan yanka daban. Wasu lakabobin kuma tarihin gidan suke faɗa: Gambo mai bin tagwaye, Tanko namijin da ya biyo mata, Kande macen da ta biyo maza, Auta na ƙarshe, Sallau da Tasallah waɗanda aka haifa da Sallah, Azumi da Labaran na watan Ramadan.

Tambaya: Me ya sa ake cewa "goron Sallah" alhali kuɗi ake bayarwa? Kuma mece ce jajibere?

Goro ya daɗe da zama sunan kyautar girmamawa ko ta sanarwa, ko da babu ƙwaya ɗaya a ciki. Shi ya sa muke da goron albishir, goron gayyata da goron Sallah. Babba ne ke ba yaro idan ya zo yawon Sallah, kuma akan kira kyautar kanta "barka da Sallah". Jajibere ita ce ranar da ke gaban babbar rana, wato ana gobe Sallah, ranar kitso, lalle da karɓo ɗinki. A Babbar Sallah tana faɗawa 9 ga Zulhajji, ranar Arfa, tunda Sallar 10 ga wata ce. A Ƙaramar Sallah kuwa sai an ga wata ake tabbatarwa, ko azumi ya yi 29 ko ya cika 30. Ana aron kalmar ga aure ma, a ce jajiberin biki. A nan ne karin maganar nan take da gurbi: "Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi." Wawa a nan ba mahaukaci ba ne, wanda ya ci bashin shadda ko rago don a gan shi ne, ya manta bikin kwana biyu ne ko uku, mai bin bashi kuwa yana nan har wata Sallar.

Tambaya: Wani ango da aka yi wa haihuwar fari ya ce an haifi jaririn ranar Litinin da hantsi. In ya ƙirga bakwai daga Litinin, Lahadi yake samu, amma iyayensa sun ce suna Litinin ne.

Iyayenka sun yi daidai, Malam, Allah ya raya. A mazhabar Malikiyya ba a lissafa ranar haihuwa idan an haihu bayan fitowar alfijir. Saboda haka Talata ce ta ɗaya, Litinin mai zuwa ta bakwai. Shi ya sa ake cewa ranar suna ta zagayo, kuma Bahaushe kwana yake ƙirgawa, ya ce kwana bakwai. Inda lissafin ke canzawa shi ne haihuwar dare: wanda aka haifa kafin alfijir ɗin Litinin, Litinin ɗin tana cikin ƙirga, sai sunan ya faɗo Lahadi. Ka kuma bambance kalmomin da za ka ji a makon. Barka ita ce zuwan dangi taya murna tun daga ranar haihuwa. Huɗuba ita ce kiran salla da ake yi wa jariri a kunne, inda uba kan sanya sunan a asirce. Raɗin suna shi ne bayyana shi ga jama'a da safiyar rana ta bakwai, a yanka rago, a yi addu'a, wanzami ya yi aski. Taron mata yakan biyo da rana zuwa yamma. Jego kuwa bai ƙare ranar suna ba, sai an yi arba'in, sannan mai jego ta fita yawon arba'in ta zaga dangin da suka zo mata barka.