Amsa ga mai neman manhajar ofis a kwamfutar situdiyo

Wa'alaikumus salam. Malam, ka ce laftof ɗinka mai RAM GB 8 ce, a kanta kake haɗa kiɗa da FL Studio, kana neman manhajar ofis ta kyauta marar nauyi don rubuta baitoci da rasit da takardar yarjejeniya. Wallahi ina karantawa sai da gabana ya faɗi, don a kan wannan maganar na yi asarar kwastoma da mutuncina a rana guda. Ka sa LibreOffice. Kuma ko waye ya ce zai sa maka Microsoft Office na kirak, wato wanda aka fasa don a yi amfani da shi ba a biya ba, ko ɗan ɗakinku ne, ka ce masa ka gode.

Ni wani mai gyara na kai wa kwamfutata ya canza mini faifai zuwa SSD, irin faifan nan mai sauri. Aikin da na sa shi ke nan. Da na je karɓa sai ya ce ya ƙara mini Office, wai kyauta ce saboda ni ɗan gida ne. Bai gaya mini ya kashe Windows Defender, manhajar tsaro ta Windows, ba don kada ta goge abin da ya yi kirak ɗin da shi. Na dawo Agege na jona komai, sai fanka ta riƙa ihu ko ban buɗe komai ba, na ce zafin Legas ne.

Ranar da abin ya fashe, wata baiwar Allah ce ta zo ɗaukar waƙar amarya, ita da yayanta, tun daga Mile 12 cikin wannan cunkoson, kuma jibi ne kamu. Ba wuta, janareta na shan mai. Ta shiga ta fara, muryarta tas, amma hedifon sai ƙas-ƙas yake yi kamar ana soya gyaɗa. Na ɗaga bafa, wato girman ƙunshin sautin da kwamfuta ke sarrafawa a lokaci guda, daga 128 zuwa 512, ƙarar ta ragu, ita kuma ta fara jin muryarta na dawo mata a makare, ta kasa hawa kiɗan. Na mayar, ƙarar ta dawo. Muka yi ta maimaita amshi ɗaya har muryarta ta dushe, ina ba ta ruwan ɗumi ina ba ta haƙuri. Can muka samu wanda ya fito yadda take so, na kunna mu saurara, ashe tsinkewar ta shiga cikin fayil ɗin kansa, daidai wurin da ta ambaci sunan amarya. Yayan bai ɗaga murya ba. Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa ya ce, Malam, a ba mu kafin alƙalaminmu mu nemi wani wuri tun dare bai yi ba. Na ƙirga na ba shi, hannuna na rawa. Har yau in mun haɗu a masallacin Juma'a gaisuwa ce kawai, kuma danginsu masu yawan biki ne, duk sun koma wani situdiyon.

Da daddare na buɗe Task Manager, tagar da ke nuna abin da ke gudu a kwamfuta. Wani abu mai suna marar ma'ana ya riƙe kusan duk ƙarfin injin, kuma da zarar ka buɗe tagar sai ya lafa, ka rufe ya ci gaba. Irin ƙwayar cutar kwamfutar nan ce da ke haƙar kuɗin kirifto da kwamfutar mutum. Na koma wurin mai gyaran washegari, ko kallon allon bai yi ba ya ce ai FL ɗinka ne ke da nauyi, ka ƙara RAM, akwai a wurina. Ka ji fa! Shi ya ɓata, shi kuma zai sayar mini da magani. Har da cewa kowa haka yake sa wa, ba wanda ya taɓa dawowa. To wanda ke kallon fim da buga wasiƙa ina zai lura? Mu da ɗan tsaikon da bai kai ƙiftawar ido ba ke lalata mana aiki, mu ne za mu ji. Ban ce masa komai ba saboda akwai dattawa a wurin, amma Allah ya isa. Sai da na goge Windows gaba ɗaya, na zauna ina dawo da fulogin, wato ƙananan manhajojin sauti da ake haɗawa da FL, ɗaya bayan ɗaya, ina neman lasisin kowanne a tsofaffin imel.

Shi ya sa nake cewa kada girman manhaja a faifai ya dame ka. Abin tambaya shi ne, in ka rufe ta, ta rufu? A bafa 256 da saurin ɗaukar sauti 44100 a sakan, ƙasa da milisakan 6 kwamfuta ke da shi ta cika kowane ƙunshin sauti. Duk abin da ya farka a ɓoye a wannan lokacin yana neman sabuntawa ko yana jawo talla, kunnenka zai ji shi.

LibreOffice tun 2010 take, daga OpenOffice aka ciro ta, wata gidauniya a Jamus mai suna The Document Foundation ke kula da ita. Ba talla, ba buɗe asusu. Writer na rubutu, Calc na lissafi, kuma da maɓalli ɗaya za ta mayar maka da rasit PDF ka tura ta WhatsApp. Wajen sakawa akwai wani akwati da ke cewa ta riƙa tashi tare da Windows, kada ka danna shi. Bayan ka gama ka shiga saitinta ka kashe duba sabuntawa da kanta. In ta nemi ka sa wata manhaja mai suna Java rabu da ita, galibi Base, sashenta na rumbun bayanai, ce ke buƙata, kai kuma ba ruwanka da Base. Akwai ma wadda ake ɗorawa a filas daga PortableApps, ba ta zama a cikin Windows ɗin ko kaɗan. Ita nake amfani da ita yanzu, in na zare filas shi ke nan.

Abu ɗaya, ka kashe gyaran rubutu na atomatik, in ba haka ba duk baitinka zai cika da jan layi, tana kuma canza maka kalmomi tana zaton Turanci kake yi. Ka kuma ƙara allon rubutun Hausa na Windows don ƙ da ɗ da ɓ, mawaƙi ya daina tsayawa a tsakiyar baiti yana tambayarka me aka rubuta.

Inda LibreOffice take ba ni haushi shi ne takardun docx, wato na Microsoft Word, da lauyoyi ko kamfanonin talla ke turowa, wani lokaci teburi ya goce, shafi ya ƙaru. In irin wannan aikin ya yi maka yawa, OnlyOffice ta fi riƙe tsarinsu. FreeOffice ta kamfanin SoftMaker ma tana buɗewa da sauri, sai dai za ta nemi imel ɗinka. WPS da kowa ke da ita a waya, ta kyautar tana da talla, ni dai ba za ta kwana a injin da nake ɗaukar murya ba. Apache OpenOffice kuwa tana buɗe docx amma ba ta adanawa a docx, ka tsallake ta. Wani zai ce maka WordPad, to an cire ta daga Windows 11 tun sabuntawar 24H2. Baitoci zalla kam Notepad ta ishe ka.

Google Docs ka bar ta a waya. Chrome a buɗe kusa da Kontakt, fulogin kayan kiɗa mai nauyi, a kan RAM 8, injin zai sha wahala, ga kuma data.

Tunda mun zo nan, duba OneDrive, manhajar Microsoft mai ɗora fayiloli a intanet. FL Studio na ajiye kayanta a Documents, in OneDrive ta kama wannan jakar za ta riƙa ƙoƙarin ɗora fayil sama kana tsakiyar aiki. Ka kashe ta, ka kashe Wi-Fi lokacin ɗauka, ka sauke LatencyMon kyauta ce, ka bar ta tana gudu kana kunna aikinka mafi nauyi, za ta nuna maka direban da ke jawo tsaiko, wato manhajar da ke sarrafa wani sashe na injin. Don Allah kuma wannan takardar yarjejeniyar da ka ambata, ka riƙa rubuta ta kafin mawaƙi ya fita daga ɗakin: wa ya yi kiɗa, wa ya rubuta, kashi nawa kowa zai ɗauka, kowa ya sa hannu. Na ga abokai sun daina magana saboda waƙa ta tashi a TikTok babu ko layi ɗaya a rubuce. Wancan yayan ma da akwai takarda tsakaninmu, wataƙila da mun zauna mun daidaita.

Fayil ɗin LibreOffice ya haura MB 300, ka sauke daga shafinsu na asali kawai, ko in kana kusa da Agege ka zo da filas bayan la'asar in kwafa maka. Ka kuma faɗa mana wane katin sauti gare ka, da ko ASIO ɗinsa, wato direban sautinsa, kake amfani da shi ko na gama-gari ASIO4ALL.