Me Ya Sa Waƙar Iliyad Ta Ƙi Tsufa?

Tambaya: Malam, an ce mana waƙar Iliyad ta Girkawa ta doshi shekara dubu uku, kuma har yau ana karanta ta. Labarin yaƙin mutanen da suka daɗe da shuɗewa, me ke cikinsa haka? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Malama, waƙar ta mawaƙin Girkawa Homa ce, ana kyautata zaton ta ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ce, baitocinta sun haura 15,000. An ce shekara goma Girkawa suka yi suna yaƙar birnin Turoyi, amma abin da waƙar ta ɗauko bai kai na wata biyu ba. Dokin katakon nan da ya yi suna, wanda aka ce Girkawa sun ɓuya a ciki suka shiga birnin, shi ma ba ya cikin waƙar.

Fushin mutum ɗaya ta bi. Sarki Agamemnon, jagoran rundunar Girkawa, ya ƙwace wa jarumi Akilis kuyangar da ya samu a ganima, shi kuwa ya yi zuciya ya ƙi fita fagen daga. Amininsa ya sa sulken Akilis ya fita, Hekta ɗan sarkin Turoyi ya kashe shi. Akilis ya rama, ya ɗaure gawar Hekta a bayan keken dokinsa yana ja a ƙasa. Sai ga tsoho Firiyam, mahaifin Hekta, cikin dare ya shigo tantin Akilis neman gawar ɗansa, ya sumbaci hannun da ya kashe masa ɗa, ya roƙi Akilis ya tuna nasa mahaifin. Su biyun suka fashe da kuka. Bagirke ne ya yi waƙar, amma da jana'izar abokin gaba ya rufe ta. A ganina wannan ne ya raya ta.

Iskandar Mai Girma, sarkin Masedoniya, da ita yake tafiya yaƙi. Sulaiman al-Bustani ya fitar da fassararta ta Larabci a Alƙahira a 1904. Likita Jonathan Shay na Amurka kuma, a 1994, ya nuna cewa raɗaɗin Akilis shi ne ke cin tsofaffin sojojin yaƙin Biyetnam da yake dubawa.

Akwai abin da kunnen Bahaushe zai gane nan take. Homa yakan maimaita “Akilis mai saurin ƙafa”, kamar yadda makaɗin fada ke jero kirari. Wani masani Ba'amurke, Milman Parry, ya je Yugoslabiya tsakanin 1933 da 1935, ya naɗi muryar mawaƙan baka, ya nuna cewa da irin wannan kirari mawaƙi ke gina baiti a gaban jama'a ba tare da takarda ba. Daga nan masana suka soma kallon waƙar baka da idon daraja.