Amsoshin Tambayoyinku: Idan Na'ura Ce ke Yanke Hukunci a Harkar Kuɗi

Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan fitowa, kuma dukkansu sun shafi yadda ƙirƙirarriyar basira (AI), wato fasahar da ke sa kwamfuta ta koyi abu daga bayanai ta yanke hukunci, ta shigo harkar kuɗi da ta aiki. Mun taƙaita su, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da hatsi a Dawanau, kuma na daɗe a wannan sana'a ba tare da wani ya taɓa kai ƙarata kan bashi ba. Da kaka ta yi, na nemi rance a wata manhajar waya domin in ƙara jari in sayi masara, amma kafin in ajiye wayar an riga an ce ban cancanta ba. Yaron da ke riƙe mini littafi, wanda ni nake biyansa albashi, ya nema an ba shi nan take. Wane ne ya duba al'amarina cikin wannan ɗan lokaci, kuma wa zan kai wa kuka? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Babu ɗan Adam ɗin da ya duba al'amarinka, na'ura ce ta yi lissafi ta yanke hukunci. Kamfanonin da ke ba da rance ta waya suna tara bayanan dubban mutanen da suka taɓa karɓar bashi a hannunsu, waɗanda suka biya da waɗanda suka gudu, sai su ɗora wa kwamfuta aikin gano abin da masu biya suka yi tarayya a kai da abin da ya haɗa masu gudu. Da zarar sabon mutum ya nema, sai ta gwada bayanansa da na waɗancan, ta ba shi maki, idan makin bai kai iyakar da kamfanin ya gindaya ba a ce bai cancanta ba. Abubuwan da akan duba sun haɗa da lambar BVN, wadda Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a 2014, da yadda kuɗi ke shiga asusu da fita, da saƙonnin alat da ke cikin waya, da tarihin bashin mutum a hukumomin da ke ajiye irin wannan bayani.

To, a wannan ma'auni yaronka ya fi ka nauyi. Mai yiwuwa albashinsa yana faɗawa asusu kowane ƙarshen wata, yana sayen kati da data ta banki, yana tura kuɗi ana turo masa, saboda haka ya bar sawu mai yawa da na'ura za ta bi. Kai kuwa, idan cinikinka na tsabar kuɗi ne kamar na yawancin 'yan kasuwar hatsi, za ka iya loda tirela guda da safe ba tare da ko kwabo ya ratsa ta asusunka ba. A kasuwa, jarin mutum na farko shi ne yarda: maigida yana ba da kaya bashi saboda ya san mahaifin mai karɓa, dillali yana tsaya wa baƙo, kuma wanda ya ci amana sau ɗaya labarinsa zai riga shi isa kowace rumfa. Duk wannan shaida ba ta rubuce a inda kwamfuta za ta karanta. Ba ta same ka da laifi ba, rasa ka ta yi gaba ɗaya, kuma an tsara ta ne ta ɗauki wanda ba ta sani ba a matsayin haɗari.

Wannan matsala ta fi ƙamari a Arewa. Binciken da ƙungiyar EFInA ta gudanar a 2023 ya nuna cewa kashi 26 cikin ɗari na manyan mutanen Najeriya ba sa hulɗa da kowace irin cibiyar kuɗi, kuma a Arewa maso Yamma adadin ya kusa rabi. Na'urar da ta koyi sanin mai gaskiya daga bayanan ma'aikatan albashi na manyan birane ba za ta iya auna manomi da ɗan kasuwar ƙauye daidai ba, kuma a ganina wannan shi ne babban aibin tsarin, ya ma fi tsadar kuɗin ruwa da aka fi yawan kuka da ita.

Sai dai adalci ne a faɗi alherinsa. Kafin zuwansa, wanda ba shi da takardar fili ko ta gida da zai ba da jingina ba ya ko tunkarar ƙofar banki da maganar bashi. A Kenya, tun 2012 da kamfanin Safaricom da bankin CBA suka fito da tsarin rance ta waya mai suna M-Shwari, miliyoyin mutane suka fara samun ƙaramin rance bisa tarihin yadda suke amfani da layin wayarsu da tsarin tura kuɗi na M-Pesa kawai. Daga baya irin wannan ya bazu zuwa Najeriya, tare da ɓarnarsa, domin wasu kamfanonin sun riƙa kwashe lambobin da ke cikin wayar mai karɓar bashi, idan ya yi jinkiri su aika wa surukansa da abokan aikinsa saƙon cin mutunci. Wannan ne ya sa hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye ta wajabta wa masu wannan sana'a yin rajista a 2022, kamfanin Google kuma ya hana manhajojin rance taɓa lambobi da hotunan da ke cikin waya daga 2023.

Game da inda za ka kai kuka, doka ta ba ka ƙofa. Dokar Kare Bayanan Jama'a da aka sanya wa hannu a watan Yunin 2023 ta tanadi cewa idan na'ura ita kaɗai ce ta yanke hukuncin da ya shafi mutum ƙwarai, yana da damar neman ɗan Adam ya sake duba al'amarin, ya faɗi nasa bayanin, ya kuma ƙalubalanci hukuncin. Ka rubuta wa kamfanin ka nemi haka, idan suka yi biris da kai ka kai ƙara hukumar NDPC mai kare bayanan jama'a ko FCCPC. Haka nan ka nemi rahoton bashinka daga masu ajiye tarihin bashi, wato CRC ko FirstCentral ko CreditRegistry, domin wani lokaci tsohon bashin da aka riga aka biya, ko kuskuren suna, shi ne ke tare wa mutum hanya bai sani ba. Daga nan kuma ka riƙa bi da cinikinka ta asusu guda, ko da rabinsa ne, domin nan da wasu watanni ya zama shaida a gare ka.

Amma Alhaji, ban ga dacewar irin wannan rance da sana'arka ba tun farko. Rancen manhaja na 'yan makonni ne, kuɗin ruwansa a wata ake lissafawa, masarar da za ka ajiye kuwa sai bazara ko damina za ta yi daraja. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da TAJ da Lotus, suna da tsarin murabaha, inda banki ke sayen kaya ya sayar maka da ribar da kuka amince a kai, kuma a babban ciniki irin naka ma'aikacinsu kan zo ya ga rumfa da sito da idonsa.

Tambaya: Ina aikin kashiya a wani banki a Kaduna, kuma ɗaukar kwantiragi aka yi mini. Layin da muke gani a kanta ya ragu sosai, ga shi kullum ana maganar na'ura mai amsa tambayoyin abokan hulɗa. Shin in fara neman wata sana'a ne? Daga wata mai karatu.

Amsa: Malama, fargabarki tana da tushe, kuma ba zan rarrashe ki da abin da ba haka yake ba. Amma ya kamata a raba abu biyu. Raguwar layi a kanta ba aikin ƙirƙirarriyar basira ba ne tukuna, aikin wayar hannu ne da masu POS, musamman tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin da dole ta sa har mai shayi da mai kayan miya suka koyi karɓar taransifa. Abin da ƙirƙirarriyar basira ke ci yanzu shi ne aikin bayan fage: amsa tambayoyin da ake maimaitawa, tantance takardu da hoton fuska wajen buɗe asusu, daidaita lissafi, da sa ido kan kuɗin da ya motsa ta hanyar da ba a saba gani ba. Tun 2018 bankin UBA ya fito da Leo mai hira da mutane ta Facebook, wasu bankunan kuma suka bi sahu.

Tarihi yana da darasi a nan, ko da yake bai kamata a jingina da shi gaba ɗaya ba. Da na'urar ATM ta bazu a Amurka, an zaci ƙarshen masu aikin kanta ya zo, sai ga shi adadinsu ya ci gaba da ƙaruwa na shekaru masu yawa. Masanin tattalin arziki James Bessen ya nuna dalili: masu aikin kanta da reshe guda ke buƙata a birane sun ragu daga kusan 20 zuwa 13 tsakanin 1988 da 2004, wannan ya sa buɗe reshe ya yi araha, bankuna suka buɗe rassa da yawa, aikin kashiya kuma ya koma daga ƙirga kuɗi zuwa jawo abokan hulɗa. Sai dai tsugune ba ta ƙare ba, domin da banki ya koma cikin waya bayan 2010, adadin ya fara faɗuwa da gaske. Na'urar da ta sauƙaƙa aikin reshe ba ta kashe aikin ba, wadda ta sa mutane suka daina zuwa reshen ita ce ta yi illa.

A yau alamu suna nuna duka fuskokin biyu. A watan Fabrairun 2025 bankin DBS na Singafo ya ce zai rage ma'aikatan wucin gadi da na kwantiragi kimanin 4,000 cikin shekara uku saboda wannan fasaha, kuma ki lura da waɗanda aka fara da su, irin ɗaukarki ce. A ɗaya gefen, kamfanin Klarna na Suwidin ya yi shela a farkon 2024 cewa na'urarsa tana yin aikin mutum 700 wajen amsa koken abokan ciniki, amma a 2025 shugabansa ya amince cewa ingancin hidimar ya ragu, suka koma neman mutane. Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ƙiyasta a 2024 cewa kusan kashi 40 cikin ɗari na ayyukan duniya wannan sauyi zai taɓa su, kashi 60 a ƙasashe masu arziki, kashi 26 a matalauta, kuma taɓawa ba lallai tana nufin kora ba.

Shawarata ita ce kada ki bar aikin, amma kada ki zauna a kanta kina jiran abin da zai faru. Ki nemi matsawa zuwa sashen da ake buƙatar hukunci da fuskantar mutane: binciken damfara, bin ƙa'idojin Babban Banki, kula da wakilan POS, ko rancen ƙananan 'yan kasuwa. Kina da wani abu da na'urorin nan suka yi rauni a kansa har yanzu, wato iya zama da Bahaushiyar da kuɗinta ya maƙale ki fahimci abin da take nufi, ki yi mata bayani da harshenta har hankalinta ya kwanta. Wasiƙar da ta gabaci taki ta nuna cewa akwai ɗimbin masu dukiya da na'ura ba ta gani, kuma bankin da ke son kuɗinsu sai ya aika musu mutum. Ki kuma koyi amfani da kayan aikin da kanki, domin idan an zo rage ma'aikata, wanda ya iya sarrafa na'urar ake bari.

Tambaya: Ɗana yana ci-rani a waje. An aiko mini da saƙon murya ta WhatsApp daga baƙuwar lamba, da muryarsa sak, wai an kama shi in aika kuɗi da gaggawa. Allah ya sa na kira tsohuwar lambarsa na same shi lafiya. Yaya aka yi aka sami muryarsa? Daga wani dattijo a Maraɗi.

Amsa: Baba, Allah ya ƙara tsarewa, kuma abin da ka yi shi ne daidai. Akwai manhajojin da ke iya kwaikwayon muryar mutum idan suka sami ɗan guntun maganarsa, ko da daga bidiyon da ya sa a TikTok ne ko saƙon da ya tura a wani zaure na WhatsApp, sai ɗan damfara ya rubuta abin da yake so na'ura ta furta shi da wannan murya. Mun saba cewa gani ya kori ji, to yanzu ganin ma ana ƙirƙirarsa. A farkon 2024 wani ma'aikacin kamfanin Arup a Hong Kong ya tura kimanin dala miliyan 25 bayan taron bidiyo da ya ga babban jami'in kuɗin kamfanin da wasu abokan aikinsa a ciki, alhali dukkansu hotunan bogi ne.

Duk saƙon da ya haɗa baƙuwar lamba da gaggawa da roƙon kada a gaya wa kowa, ka ɗauke shi damfara har sai ka tabbatar ta wata hanya dabam. Ku ajiye wata tambaya ta cikin gida tsakaninka da 'ya'yanka, wadda ba a taɓa rubuta amsarta a waya ba, kamar laƙabin da kakarsu take kiran ɗayansu da shi. Kada ka karanta wa kowa lambobin sirrin da ake turowa ta saƙo, ko da ya ce daga banki ko kamfanin aika kuɗi yake, kuma ka gaya wa mahaifiyarsa da 'yan'uwansa abin da ya faru tun yau, domin wanda ya gwada ka bai samu ba yakan koma kan na kusa da kai da saƙon nan guda.