Kada ka taho da aikin gwamnati a aljihu

Ɗana, na saurari saƙon muryar da ka turo, minti tara cif, ina cikin bas ina dawowa daga aikin dare. Ka ce ka samu gurbin digiri na biyu a nan Ingila, kana so kawunka ya tallafa da kuɗin makaranta, kuma ba za ka ajiye aikinka na sashen ilimi a ƙaramar hukuma can Daura ba. Wai wani abokin aikinka zai riƙa sa maka hannu a rajista, kai kuma ka riƙa yaga masa wani abu in albashi ya shigo. Zancen kuɗi zai zo. Wannan dabarar taka ce ta hana ni barci.

Ashe ba ka sauraren labarai? A watan Yunin 2024 Shugaba Tinubu ya ba da umarni cewa ma'aikatan tarayya da suka tsallake ƙasar waje suna ci gaba da karɓar albashi su dawo da kuɗin, kuma a hukunta shugabanninsu da suka rufa musu asiri. Za ka ce ai wannan Abuja ce. To, a 2025 gwamnatin Dikko Radda ta tantance ma'aikatan ƙananan hukumomi 34 da na sassan iliminsu da na'urar ɗaukar yatsa, aka cire sama da mutum 3,000 daga jerin masu albashi. A ofisoshi irin naka fa. Abokin naka zai iya kwaikwayon sa hannunka, amma ranar da aka ce kowa ya kawo yatsansa, yatsan wa zai kai? Barin aiki ba da izini ba babban laifi ne a dokar aikin gwamnati, hukuncinsa kora. Wanda ya ajiye aiki da takarda yana iya dawowa gobe ya nemi wani da fuskarsa. Korarre kuwa, tambarin yana binsa duk ofishin da ya shiga.

Ni ba na adawa da wannan gyara, ko kaɗan. Abin da ke ƙona mini rai shi ne sandar kullum a kan marar gata take sauka. Shekara goma sha ɗaya na yi ina aikin gwamnati a Katsina kafin in taho. Da idona na ga an ba masinja takardar tuhuma don ya yi kwana biyu yana jinyar uwarsa a ƙauye, ga wani babba da kujerarsa ta yi ƙura, ba a ganinsa sai ranar rabon alawus, ba wanda ya ce masa kanzil. Kai a cikin su biyun nan wane ne? Mahaifinka, Allah ya jiƙansa, tela ne a bakin kasuwa. Ba ka da wanda zai ɗaga waya dominka.

Kuma kada ka ɗauka nan hutu za ka zo. A asibitin gwamnatin da nake aiki, ina wata na huɗu, lokacin gwaji bai ma ƙare ba, na makara sau uku cikin wata guda, wata rana minti takwas, wata rana goma sha biyu. Sai ga wasiƙa. Aka zaunar da ni a wani ɗan ɗaki, wata yarinya da na girme ta da shekara ashirin ta buɗe fayil tana karanto mini ranaku da mintoci. An ce ina da damar zuwa da wakilin ƙungiyar ƙwadago ko abokin aiki, ina da damar ɗaukaka ƙara, duk a rubuce. Ba wanda ya ɗaga mini murya. Amma wallahi gara a zage ni. Na buɗe baki zan ce a yi haƙuri don Allah, irin yadda muka saba, sai na ga biro take riƙe da shi tana jiran dalili. Ni da ake miƙe mini in na shiga ofis. Ranar na koma gida ban iya cin abinci ba, domin bizar aiki a ɗaure take da wanda ya ɗauke ka. In ya sallame ka, yawanci kwana 60 ake ba ka ka sami wani ko ka tattara. Yau shekara shida ke nan ban sake makara ba, har ni nake tsara wa wasu jadawalin aiki, kuma ba wanda ya yi mini hanya.

Sauran a taƙaice. Ɗalibi awa 20 kawai doka ta yarda ya yi aiki a mako lokacin karatu, ba za ta biya maka haya da kuɗin makaranta ba. Tun Janairun 2024 mai irin digirin da za ka yi ba ya zuwa da iyali, saboda haka matarka da yaran biyu suna Daura. Na san don su ne kake son riƙe albashin. To ka tuna ranar da aka ce a dawo da shi, ƙofarta za a ƙwanƙwasa, kai kana nan.

Ka rubuta takardar neman hutun ƙaro karatu, ko da babu albashi ne, ka bi ta tebur tebur har a sa mata hannu da hatimi. In sun hana, ka zauna da mahaifiyarka ku yanke shawara: ka ajiye aikin a rubuce, ko ka haƙura da tafiyar bana. Duk takardar da ta samu, ta hutu ko ta ajiye aiki, ka ɗauki hotonta ka turo mini ta WhatsApp. Kafin in ga takardar nan ko fam ɗaya ba zan turo ba, kuma na riga na faɗa wa Yaya haka, kada ka je ka ce mata kawu ya yi rowa.