Waƙoƙin steampunk tsofaffi ne da ba su da mai su?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da tasha a YouTube inda nake nuna yadda nake ƙera tabarau da huluna irin na steampunk (salon ado da kiɗa mai kwaikwayon zamanin injin tururi) da tagulla da kayan cikin tsofaffin agogo. Na ɗora waƙar wata ƙungiyar mawaƙan steampunk a bidiyo huɗu, sai ga saƙo cewa waƙar tana da mai ita, kuma kuɗin talla ba zai shigo mini ba. Wanda yake koya mana harkar a WhatsApp ya ce waƙoƙin nan na zamanin Sarauniya Biktoriya ne, sun haura shekara ɗari, in ƙalubalanci iƙirarin kawai. Da tashar nan nake biyan kuɗin makaranta, hankalina a tashe yake. In danna maɓallin ƙalubalantar?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanina. Kada ka danna. Kwantar da hankalinka tukuna, abin da ya zo maka iƙirari ne na na'urar Content ID, wadda YouTube take gano waƙoƙi masu haƙƙin mallaka da ita, ba gargaɗin keta haƙƙi ba ne, tasharka ba ta cikin haɗari a yanzu. Shawarar malamin naku ce za ta jefa ta ciki.

Wannan magana ta "ai tsohuwar waƙa ce" ta ishe ni. Kusan kullum sai an kawo mini ita, kuma duk wanda ya faɗe ta bai taɓa tsayawa ya duba ko su wane ne mawaƙan ba. Sarauniya Biktoriya ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901. Sunan steampunk kansa bai fito ba sai 1987, a wata wasiƙa da marubuci K. W. Jeter ya aika wa mujallar Locus. Mawaƙan kuwa sun zo a bayan haka. Robert Brown ya kafa Abney Park a birnin Siyatil na Amurka a 1997, kuma da farko ma ba steampunk suke yi ba, sai wajen tsakiyar shekarun 2000 suka sake shiga suka mai da kansu 'yan fashin jirgin sama mai balan-balan. Joshua Pfeiffer ya fara Vernian Process a 2003. Steam Powered Giraffe, waɗanda suke shafa fenti a fuska suna motsi kamar mutum-mutumin ƙarfe, a 2008 tagwayen nan David da Isabella Bennett suka fara su a San Diyego, suna wasa a fili cikin lambun Balboa masu wucewa suna jefa musu kuɗi. Professor Elemental, Baturen Ingilan nan mai gambara sanye da hula irin ta Di'o, sunansa na gaskiya Paul Alborough, kuma ɗan zamaninmu ne. Mutanen nan suna nan da ransu, da waƙoƙin suke cin abinci.

Abin da yake ruɗin mutane a fili yake. Ka buɗe waƙa ka ji ƙas-ƙas irin na allurar garmaho, ka ji busar jirgin ƙasa mai tururi da ƙarar agogo, hoton bango kuma launin ƙasa-ƙasa, ga mutum da doguwar hula da sarƙar agogo a aljihu. Duk da gangan aka yi shi, a situdiyo, da kwamfuta. Kama da wane ba ta wane. Ƙungiyar The Men That Will Not Be Blamed for Nothing ta Landan, wadda aka kafa a 2008, ta kai abin har ga fitar da waƙa guda a kan silindar kaki a 2010, irin wadda ake ɗaukar sauti a kai kafin zuwan faifan garmaho, kwafi 40 kacal. Mazubin na kaka da kakanni ne, amma waƙar da ke ciki ta 2010 ce, kuma tana da masu ita.

Su kansu 'yan wannan ƙungiya sun ɗanɗani zafin doka. Faifansu na farko sun raɗa masa suna mai kwaikwayon jerin faifan "Now That's What I Call Music!", sai a 2012 kamfanin EMI ya yi musu barazanar shari'a kan alamar kasuwancinsa. Dole suka sauya sunan, suka koma kiransa faifan steampunk da ba za a iya ambatar sunansa ba saboda dalilan shari'a. A kan suna kawai ke nan. To ina ga wanda ya ɗauki waƙa sukutum ya ɗora a bidiyon da yake neman kuɗi da shi?

Akwai kuma wani rami da ko masu ɗan sani suke faɗawa. Kowace waƙa haƙƙi biyu ne a kanta: na wanda ya tsara kiɗa da baiti, da na wanda ya ɗauki sautin. Arthur Sullivan, mai tsara kiɗa na ainihin zamanin Biktoriya, ya mutu a 1900, saboda haka kiɗansa ya fita daga kariya tuntuni, kana iya sa makaɗa su buga maka shi. Amma in wata ƙungiya ta buga wannan kiɗa aka ɗauka a 1995, sautin nata ne ko na kamfaninta. Haka in Unwoman ko Rasputina, masu jan babban gogen nan na Turawa, suka sake rera wata tsohuwar waƙa, abin da ya fito daga gogensu nasu ne. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare tsarin kiɗa har shekara 70 bayan mutuwar mai shi, sautin da aka ɗauka kuma shekara 50. A Ingila sautin yana da shekara 70. Ɗauki ko mafi ƙarancinsu ka lissafa, babu ƙungiyar steampunk ko ɗaya da ta kusa.

Yanzu ga abin da dannawar take jawowa. In ka ƙalubalanta, mai waƙar yana da kwana 30 ya amsa. In ya ƙi amincewa ka ɗaukaka ƙara, zai iya neman a sauke bidiyon a hukumance, kuma a nan ne gargaɗi na gaske yake hawa kan tasharka. Gargaɗi yakan ɗauki kwana 90 kafin ya goge, in uku suka taru a lokaci guda ana iya rufe tashar, bidiyoyinka su tafi. Kai kuma bidiyo huɗu gare ka. In aka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka ga inda lissafin ya nufa. Malamin naku ba zai biya maka kuɗin makaranta ranar ba. Abin da yake ɓata mini rai ke nan da masu sayar da darasi a WhatsApp: su karɓi kuɗin yara, su koya musu cewa ɗaukar daƙiƙa talatin na waƙa halas ne, ko a ɗan ƙara wa waƙa sauri, ko a rubuta a ƙasan bidiyo cewa "waƙar ba tawa ba ce". Babu ɗaya a ciki da doka ta sani. Rubutun nan ma shaida ce a kanka cewa ka san kayan wani ne ka ɗauka. Ka guji kuma masu cewa ka turo kuɗi su cire maka iƙirari, ba su da wata ƙofa da kai ba ka da ita. Sannan ko babu na'urar da za ta kama ka, gumin mutum ne. Yadda ba za ka so wani ya kwashe bidiyon tabaraun da ka kwana kana gogewa ya ɗora a tasharsa ba, su ma haka ne, kuma yawancinsu ba manyan attajirai ba ne, ƙananan mawaƙa ne masu dogaro da cinikin waƙoƙinsu a shafin Bandcamp da gudummawar masoya a shafin Patreon.

Abin yi: shiga YouTube Studio, a kan kowane bidiyo akwai zaɓin yanke wurin da waƙar take, ko kashe sautinta, ko musanya ta da wata daga rumbun kiɗan kyauta na YouTube. Iƙirarin zai sauka in ka yi haka. In kuma waƙar ce ta shiga ranka, rubuta wa ƙungiyar ta adireshin da ke shafinta, ka nuna musu aikinka, ka nemi izini a rubuce. Sayen waƙa don saurare ba izinin ɗora ta a bidiyo ba ne. In tsohon sauti na ainihi kake so, Jami'ar Kaliforniya da ke Santa Barbara tana da rumbun silindar kaki a intanet, kuma a dokar Amurka sautin da aka fitar kafin 1923 ya zama na kowa tun 1 ga Janairun 2022. Duk da haka ka karanta sharaɗin da ke shafin kowane sauti kafin ka sauke.

Ni dai da za ka ji tawa, kiɗanka za ka yi. Steampunk ba shi da sauti guda da aka ƙayyade: Abney Park suna buga darbuka ta Larabawa, Sunday Driver ta Ingila tana haɗawa da kiɗan Indiya, wasu gambara, wasu goge. Ɗauki wayarka ka naɗi ƙarar gudumarka a kan tagulla da ta keken ɗinki, ka kai wa mai situdiyo ya ɗora gurmi ko kukuma a kai. Ku rubuta yarjejeniya ku sa hannu cewa sautin naka ne, kuma ba zai yi masa rajista a Content ID da sunansa ba.