Tambaya da Amsa: Kiɗa Ya Wuce Mawaƙi Ana Tsaka da Liƙi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da na'urar haɗa kiɗa Akai MPC1000 da na saya ta hannu, da ita nake yi wa wani mawaƙi kiɗa a wajen biki. Nakan jera waƙa a sashen SONG daga buɗewa har rufewa. Amma da an fara liƙi, mawaƙin ya tsaya yana maimaita amshi, sai na'urar ta zarce baiti na gaba ta bar shi. In na tsayar na sake kunnawa kuma, sai ta koma farko. Mece ce mafita? Mai karatu daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Na'urarka lafiyarta ƙalau, abin da ka ba ta shi take yi. Sashen SONG jeri ne kawai na gaɓoɓi, wato guntayen kiɗan da ka haɗa: gaɓa kaza sau biyu, gaɓa kaza sau huɗu. Ba ta ganin uwar ango ta shigo fili da bandir ɗin 'yan ɗari biyar, lissafinta take bi.

Mu fara da mai sauƙin. Madannan kunnawa biyu ne a jikinta. PLAY START kullum farko yake mayar da kai, PLAY kuwa daga inda ka tsaya yake ɗorawa. Na farkon kake dannawa, shi ya sa.

Batun amshi kuwa, shawarata ka bar SONG don aikin situdiyo, a fili ka koma NEXT SEQ, madannin zaɓen gaɓa ta gaba. Ni ma sai da na ji kunya na koya. A wani kamu ne, shekarun baya, mawaƙiyar da nake yi wa kiɗa tana tsaka da wasa dangin amarya ɗaya bayan ɗaya, kiɗan ya sauya ya shiga rufewa. Ta juyo ta kalle ni, makirufo a hannu, mata sun tsaya cak da kuɗi a sama. Har yau ina tuna kallon nan.

Ga yadda nake yi tun daga ranar. Kowane yanki na waƙa ina ba shi gaɓarsa: buɗewa a ta ɗaya, baiti a ta biyu, amshi a ta uku, zallar ganga a ta huɗu, rufewa a ta biyar. Kowacce ina barin ta tana zagayawa, kuma duk gudunsu ɗaya, don kada ƙafar masu rawa ta rikice a wajen sauyi. Da ka danna NEXT SEQ, madannan roba 16 ɗin nan sun zama na zaɓen gaɓa. Amshi zai yi ta juyawa har sai ka taɓa wani, kuma ba zai yanke a tsakiya ba, sai gaɓar ta kai ƙarshe sannan sabuwar ta shigo. In kana son sauyi nan take, akwai SUDDEN a ƙasan allo. Amma kada ka sa gaɓar amshi ta yi tsawo. In ta yi, mawaƙi zai ba ka alama da hannu, ku tsaya jiran na'ura.

Sai TRACK MUTE, madannin kashe sautin wasu kayan kiɗan. Lokacin da sanƙira zai yi magana, ka kashe layin fiyano da sauran kayan, ka bar ganga ita kaɗai tana tafiya a ƙasa. Fili ba ya mutuwa, muryarsa kuma ta fita.

A gaban MPC1000 akwai ramuka biyu na madannin ƙafa. Ka samu ko ɗaya ne, ka ɗora masa tsayarwa, hannayenka su samu sarari. Ba banza aka yi wannan tsari ba: tun MPC60, ta farko a jerin MPC, da Roger Linn ya tsara wa kamfanin Akai a 1988, an gina na'urar ne don a buga ta da hannu kamar abin kiɗa.

Kafin ka fita daga gida ka adana komai a katin CompactFlash ɗinka, domin in janareta ya shaƙe, duk abin da ba ka adana ba ya tafi. Ka kuma manna takarda a gefen na'urar ka rubuta lambar kowace gaɓa da manyan baƙi, don hasken filin biki da daddare ba ya isa karanta ƙaramin allon nan.